Ganda Mai Digiri a Jirgin Birmingham

…kuma wai in ajiye shi wurin mai gadi. Wurin mai gadi! Haka Nuru ya ce yanzun nan a waya, jirgin ƙasa na wuce Stoke, kular tana kan cinyata, ƙanƙarar ciki sai zufa take yi. "Yaya Gidaɗo, gurbin aikin nan fa an soke shi, ka san yadda ake ta zaftare kuɗin bincike. Amma kolajin ɗin — ka iso da shi, kada ya lalace."

Kada ya lalace. Ni fa?

Kolajin… abin da matata Hajo ke kira ganda mai digiri. Fatar saniya ce dai. In kankare, in jiƙa cikin ruwan tsami, in tace, in sake tacewa, har ta koma garai-garai. A kashe tsamin, a ba ta ɗumin jiki, sai ta kama kanta luƙui — a shimfiɗa kan gyambon mai ciwon suga, sabuwar fata ta sami wurin takawa. Babu alade a ciki. Alkawarin da na yi wa dattawan Old Trafford ke nan, masu tuɓe safa su nuna mini ƙafa bayan Juma'a kamar ni ne likitansu…

Jiya aka kashe firjinmu a Manchester. An rufe lab, ɗakin bincikenmu. Wannan ne ragowar, duk abin da ya rage yana nan, yana jiƙa mini wando.

Nuru! Wa ya ɗauko ka daga filin jirgi, kana kakkarwa cikin 'yar shara? Kujerar falona a Whalley Range har yau da shatin bayanka. Ranar da ka fara kankarar fata ka yi amai, Turawa suka juyo — na ce musu ai ɗan sarauta ne, a gidansu ko kaza ba a yankawa gabansa. Suka yarda! Yanzu kai ke da lab, kai ke da mai gadi…

Yaushe ka sani? Da ka ce "taho da kayan, kujerarka na jira" — ka riga ka sani?

In juya da shi, ina zan sa? Kusa da miyar Hajo? Da wane inji zan gwada? Bizata ma aikin take bi. In miƙa, magani zai fito, da sunanka a sama. Ƙafar Malam Maharazu, dattijon nan mai gyambo, ba ta karanta suna…

Wolverhampton. Wata tsohuwa tana kallon ruwan da ke ɗiga kan takalmina. Kifi ne, Madam. Ƙaton kifi.

Tashar New Street, Birmingham. Na sauka. Ga ni a layin tasi — wa ya kawo ni nan? Ƙafafuna ma sun bi bayanka, Nuru. Waya na rawa a aljihu. Hajo ce, za ta ce, "Baban Turai, an ba ka kujerar?" Kuma ni, ni da ko bakin kabari ba na rasa abin faɗa… bari ta ƙara ringin. Bari dai ta ƙara.