Igiyar da Ke Ƙirjina

Lasifika ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Ni mutum ne mai murya. Ko addu'a nake bayan sallah, sai maƙwabta sun amsa da amin ta bayan katanga. Inna, Allah Ya ji ƙanta, takan ce, “Kai dai ka rage. Wanda kake kira ba kurma ba ne.” Sai in yi dariya. A ganina, duk wanda kake so ya ji ka sai ka buɗe maƙogwaro.

Haƙar rijiya ce sana'armu, ni da yayana. Ni nake shiga da igiya ɗaure a ƙirji, shi yana sama yana janye ƙasa da bokiti. Ranar da abin ya faru muna aiki ne a bayan sabon gidan wani mutum. Da hantsi na kai ga yashi mai laima, alamar ruwa ya kusa. Na ɗaga kai zan yi wa Yaya albishir, sai gefen rijiyar ya zubo mini.

Da na dawo hayyacina, yashi ya binne ni har wuya, hannuwana duka suna ciki. Katakon da muke tokare bango da shi ya gitta a saman kaina, ƙasa ta taru a kansa. 'Yar kafa ce kawai ta rage, ta nan igiyar ta bi, ta nan kuma haske ke ɗigowa.

Duk mahaƙin rijiya ya san halin yashi. In ka saki numfashi da yawa ƙirjinka ya sauka, nan take zai cike gurbin, kuma ba ya mayarwa. Ihu ɗaya ya isa ya gama da mutum.

“Lasifika!” Muryar Yaya ce. “Ƙanena, amsa mini!”

Na gwada, 'yar ƙaramar murya. Yashin ya matse ni har na ga duhu. Ban sake gwadawa ba.

Na ji takun mutane suna taruwa. Yaya ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Can sai mai gidan ya ce, “Malam, sai haƙuri. Mutumin da ake jin muryarsa daga bakin titi, a ce yana da rai bai amsa ba? Akwai katafila tana aiki nan kusa. A kira ta a fito da shi a yi masa sutura.”

Katafila! In ta matso da nauyinta bakin ramin nan, katakon zai sauka a kaina. Ga ni da rai, ina jin ana shirya jana'izata, kuma bakin da ya dami unguwa shekara da shekaru ya kasa cewa na'am. Haushi ya kama ni, na mai gidan, na Yaya, na kaina. Daga baya haushin ya ƙare, tsoro zalla ya rage.

Na ji rurin injin daga nesa yana matsowa. Yashi ya fara tsiyayowa a fuskata.

Ban buɗe baki ba, ko harshe ban motsa ba. A cikina kawai na ce, Ya Rabbi, Kana gani na. Iyakar abin da na iya ke nan. Jijiyar wuyana tana bugawa a jikin yashin, ina jin ta sarai, sai na tuna ayar da Inna ke yawan karanta mana, cewa Allah Ya fi kusa da mutum fiye da wannan jijiyar. Da ina jin ta ne kamar karatu. Yanzu kuwa na san ba ni kaɗai ba ne a ramin. Tsoron bai tafi ba, amma na daina haki. Na riƙa jan numfashi a hankali, in sake shi a hankali.

Ƙasa ta fara rawa. Katakon ya yi ƙara.

“Kashe injin nan,” in ji Yaya. “Direba, na ce ka kashe.”

“Me kuma ya faru?” mai gidan ya tambaya.

“Igiyar tana motsi. Tana tsukewa tana saki.”

“Girgizar inji ce, Malam.”

Injin ya mutu. Wurin ya yi tsit.

“To yanzu a kashe yake,” Yaya ya ce. “Zo ka riƙe da hannunka.”

Da hannu suka tono ni, da shebur da bokiti, suna tokare bango suna kwashewa. Sai bayan la'asar suka jawo ni waje suka shimfiɗe. Yaya ya durƙusa a kaina, yatsunsa duk jini, yana kuka yana faɗa.

“Ɗan banza, duk surutun nan naka, yau ka kasa cewa na'am? Wallahi har na saki igiyar na ja baya don katafila ta wuce. Ban san abin da ya sa na koma na ɗauke ta ba.”

Na tofar da yashin bakina. Da ƙyar muryar ta fito.

“Na yi kira, Yaya.”

“Wallahi ban ji ba.”

“Na sani,” na ce. “Ba kai na kira ba.”