Na Goma Sha Huɗu a Jeri

Akawun kwamiti ya jingina takardar a jikin bango, ya ɗora bakin biro a kan layi na biyu.

"To, Darakta, wannan fa? Shi ne na biyu da ya zo ya yi rajista, tun ran Litinin."

Darakta ya dubi jerin. Mutum goma sha huɗu ne suka nemi yin magana a zaman jin ra'ayin jama'a kan sabon ƙudirin dokar haraji. A ƙa'ida, kwamitin majalisa ne ke tsara wanda zai fara da wanda zai biyo. A aikace kuwa, akawu yakan kawo jerin ga Darakta, shugaban sashen harkokin majalisa na hukumar haraji, ya duba, a tsaye, a bayan ƙofar zaure, minti goma kafin a shiga.

"Mai da shi ƙasa," in ji Darakta.

"Ƙasa ina?"

"Ƙarshe."

Akawu ya ɗago kai. "Ba maigidanka ba ne? Na ɗauka gaba za ka ce in kawo shi."

"Ƙarfe nawa Ciyaman ɗin kwamiti zai tashi?"

"Ɗaya saura kwata. Yana da jirgin ƙarfe uku, ko rufin zauren ne ya faɗo ba zai ƙara minti ba." Akawu ya ja layi, ya rubuta sha huɗu a gefe, ya shige ciki yana girgiza kai.

Jan Biro ake kiran tsohon a hukumar, don babu daftarin da ya taɓa fita daga ofishinsa bai jiƙe da jan tawada ba. Shi ya kafa sashen, shi ya riƙe shi har ya yi ritaya. Shekara ashirin da shida da suka wuce, shi ya ɗauko Darakta daga ɗakin ajiyar fayil, saurayi mai takardar digiri da taguwa biyu, ya zaunar da shi a gefen teburinsa, ya sa masa suna Auta. A wurinsa Darakta ya koyi yadda ake karanta doka daga ƙarshe zuwa farko, da yadda ake gai da ɗan majalisar da ba a so, da inda ake zama a zaure don a ga fuskar kowa. A wurinsa kuma ya koyi maganar jeri.

"Ba a hana mutum magana, Auta," haka ya taɓa gaya masa a mota. "Ka hana shi, gobe ka ga kanka a jarida. Agogo ake bari ya hana shi."

A dokar da ake shirin sauyawa akwai sashe na arba'in da ɗaya, wanda ya ce hukuma ba za ta garƙame shagon kowa ba sai ta kira shi ta saurare shi cikin kwana talatin. Jan Biro ne ya rubuta sashen da hannunsa. Sabon ƙudirin ya share shi, domin Shugaban hukuma yana ganin a cikin kwana talatin ɗin nan ne mutane ke kwashe kaya su ɓace. Darakta ya rubuta takarda guda yana neman a bar sashen. Ta dawo masa da kalma biyu a kusurwa: an gani. Bai rubuta ta biyu ba. Ya gaya wa kansa cewa aikinsa shi ne ya raka ƙudiri har ya haye, ba lallai sai ya so shi ba. Jiya da yamma kuma Shugaba ya tsayar da shi a bakin lif ya ce, "Na ji tsohonka zai zo. Rabin 'yan kwamitin nan suna jin kunyarsa. Ka dai san aikinka."

Ya san aikinsa.

Ya zauna a kujerarsa, daidai bayan kafaɗar Shugaba, da fayil uku a kan gwiwa. Ya yi niyyar kada ya waiga, amma ya waiga. Tsohon yana layi na uku, cikin kwat ɗin toka da ya yi masa yawa tun bayan da ɓarin jikinsa ya shanye. Hannunsa na hagu yana kwance a cinya kamar an ajiye masa shi, na dama yana dafe da wata siririyar jakar takarda. Kusa da shi 'yarsa ce, ma'aikaciyar jinya, riƙe da sandarsa. Darakta ya san ta tun tana zuwa ofis da kayan makaranta tana cinye masa biskit.

Wakilin bankuna ne ya fara. An ba kowa minti biyar. Shi ya ci bakwai yana gode wa Ciyaman, da mataimakin Ciyaman, da waɗanda suka gyara na'urar sanyaya ɗaki. Wani farfesa ya biyo da allon majigi da ya ƙi kunnuwa. Sai wata lauya, wadda wani ɗan kwamiti ya ja da gardama a kan abin da babu shi a ƙudirin ma. Ciyaman bai tsawata wa kowa ba. Darakta ne ya zaɓi waɗannan su fara, domin ya san tsawon harshen kowannensu.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ya kasa sanin me yake so daga agogon bango. In ya ga hannun agogon ya yi gaba sai ya ji sanyi, sannan nan take ya ji kunyar sanyin. Da sha biyu da rabi ta yi, ana kan mutum na tara. Ya yago ƴar takarda ya rubuta wa akawu: a kira na sha huɗu yanzu. Taku shida ne tsakaninsa da teburin akawu. Yana cikin ninke ta Shugaba ya karkato da kai ya tambaye shi shekarar da aka yi wa sashe na tara gyara. Ya raɗa masa amsa. Da ya dawo da bayansa jikin kujera, sai ya ga kamar lokacin ya riga ya wuce, ko da yake ya san bai wuce ba. Ya murƙushe takardar a tafin hannu.

Ɗaya saura kwata daidai Ciyaman ya rufe fayil. Ya yaba wa jama'a, ya ba da haƙuri ga mutum ukun da lokaci bai kai kansu ba, ya ce su miƙa nasu a rubuce, kwamiti zai karanta da idon basira. Aka buga guduma. Kujeru suka yi ƙara.

Darakta ya yi ta tattara fayil ɗin da ba su buƙatar tattarawa, yana fatan zauren ya watse. Da ya fito, sai ya same su a benci a baranda, suna jiran cunkoson matakala ya ragu.

"Auta."

Muryar ta yi nauyi, kalmar ta fito a karkace. Darakta ya rusuna ya kama hannun dama da hannu biyu.

"Maigida, sannu da zuwa. Ya jiki? Wallahi yau abin ne ya zo da..."

"Kada ka fara. Ƙarya ba ta taɓa karɓarka ba. Kunnenka ke motsi."

Darakta ya saki hannun. 'Yar ta dube shi, ba da fushi ba, da irin kallon da take yi wa majinyacin da ya ƙi shan magani.

"Yaya, sati uku yana gwaji," ta ce. "Aka ce minti biyar. Ran farko sha ɗaya ya yi, saboda harshen. Ni ke riƙe agogo, shi yana yanke kalmomi. Duk kalmar da bakinsa ya kasa, sai ya nemi wata mai sauƙi. Jiya ya yi huɗu da daƙiƙa hamsin, har ya sa na yi masa tafi."

"Ke kuma wa ya tambaye ki?" in ji tsohon. Ya juyo ga Darakta, ya ɗauki lokaci yana haɗa maganar a baki kafin ya sake ta. "Da ni ne, na sha biyu zan sa. Ba zai kai ba duk da haka. Amma na ƙarshe... na ƙarshe yana nuna hannun wanda ya tsara. Ka yi garaje."

Darakta ya ji da zaginsa tsohon ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a bakin bencin.

"Maigida, ka karanta mini. Yanzu, a nan. Ko mu je ofis, in rufe ƙofa, ka ɗauki duk lokacin da kake so."

"Kai ba kwamiti ba ne."

"To ba ni takardar. Ni da kaina zan kai, in sa ta a hannun Ciyaman."

"A rubuce?" Gefen bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga. "Na san inda a rubuce ke zuwa. Ni na sayi kabad ɗin."

Ya miƙa wa 'yarsa jakar takardar, ta sa a cikin tata ta ja zif. Sannan ya ɗaga gwiwar hannu, yadda yakan yi a da in yana son a karɓi fayil, Darakta ya shiga ƙarƙashinta. Suka sauka matakala ashirin da biyu tare, ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana jan ƙafar hagu, nauyinsa duka a kafaɗar Darakta. Nauyin bai kai yadda ya zata ba. A haka suka kai bakin mota.

"Ka gai da maiɗakinka," in ji tsohon da ya zauna. "Ka ce mata ka rame."

'Yar ta rufe ƙofa, ta ce, "Sai an jima, Yaya," ba ta jira amsa ba.

Ƙarfe uku Darakta ya koma ofis. Sakatariyarsa tana haɗa rahoton zaman, wanda sashen ke aika wa Shugaba, kwamiti kuma yakan kwafe shi cikin nasa ba tare da ya canja ko waƙafi ba. Ta juyo da fuskar kwamfuta wajensa.

"Ranka ya daɗe, saura na sha huɗu. Akawu ya ce na sha biyu da na sha uku sun miƙa a rubuce, shi kuwa bai ga komai daga gare shi ba."

Darakta ya sunkuya. Gurbi uku ne a gaban kowane suna: ya yi magana, ya miƙa a rubuce, bai halarta ba. Ya karanta su sau biyu, kamar zai ga na huɗu ya ɓullo.

"Bar shi haka nan."

"Ba ta karɓa in an bar gurbi a buɗe. Kai ka ce a yi ta haka, tun bara waccan, don kada 'yan jarida su sami abin tambaya." Ta ɗora yatsa a kan madannai. "Ya zo kuwa?"

A waje wata mota tana ta ƙoƙarin tashi tana mutuwa. Darakta ya tsaya yana sauraronta har ta kama.

"Sa bai halarta ba."

Ta danna. Takardar ta fito da ɗuminta, ta miƙa masa. Ya sa hannu a ƙasa, inda aka rubuta cewa ya tabbatar da abin da ke ciki.