Ranar da Gwaggo Ta Toshe Titi

Shekara ashirin da bakwai Evaristo Quilodrán ya yi yana kwanciya ƙarƙashin jirgin sama na sintirin sojan ruwa, da sifana a hannu. A takarda lamba ce da jirgin, amma a sansanin kowa Gwaggo yake ce mata, saboda tarin safe da ƙin tashi in ba ta ga dama ba.

An sayo ta ne don farautar jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku. Sau ɗaya ta hango mai kama da su, aka tayar da sansani kaf, ashe wani gawurtaccen kifi ne yake shan rana. Sauran aikinta, nemo masuntan da iska ta ɓatar, da kai wa surukar kwamanda kaguwa babban birni.

Da lokacin ritayarta ya zo, Kwamanda Urrutia ya yi jawabi har ya share hawaye, shi da bai taɓa yarda ya hau ta ba. Ya ce a ja ta da tarakta a girke a dandalin gari. Evaristo ya faɗa wa duk mai kunne cewa fikafikanta sun fi titin faɗi, aka ce ya je ya sa kaki mai tsabta.

Masu badujala na gaba, Gwaggo na biye, har ta zo tsakanin coci da gidan burodin Doña Clorinda ta kafe. Kwamanda ya ce a kawo zarto a yanke fikafikan.

"Yallaɓai," in ji Evaristo, "tsohuwar nan ta ciro mutum sittin daga cikin teku. In za a yanka, a fara da ƙafata."

Ya haye fiffiken ya zauna. Jama'a suka hau tafi, kwamanda ya ga babu riba, ya ba shi kwana uku ya kwance fikafikan da hannunsa.

Kafin la'asar mutanen ƙauyuka sun cika titin kallo, kuma mai kallo yunwa yake ji. Doña Clorinda ta fito da shayi da burodi mai zafi, ta ɗaga kai.

"Malam makaniki, saurin me kake yi? Gobara ake?"

Kwana tara ya yi. Kullum sai a samu wani noti da ya yi tsatsa. Fada, limamin cocin, shi ma bai yi ƙorafi ba, don masu gujewa ruwan sama cocinsa suke faɗawa.

A rana ta goma aka kai Gwaggo dandali, aka mayar mata da fikafikai, tattabaru suka tare a kai. Evaristo ya ajiye aiki a watan, yanzu shi ke gyara injin kwaɓa fulawa a gidan burodin, yana zaginsa da cewa bai da mutunci.