Maɗacin da Ta Bari

Matata ta rasu ta bar mini gida mai ɗaki uku, da bishiyar maɗaci a tsakar gida, da ɗan gizagon da take sassaƙa da shi. 'Ya'yanmu biyu suna can inda aiki ya kai su. Ranar hutu su bugo waya, "Baba, ya jiki?" In ce da sauƙi, an gama ke nan.

Da tana raye, mutanen unguwa kan zo neman sassaƙe saboda ciwon ciki. Sai ta ɓantaro ɓawo kamar faɗin tafin hannu, ta ce a jiƙa a sha kaɗan, in kwana biyu bai lafa ba a tafi asibiti. Sannan ta kwaɓa laka ta shafe wurin. Wani lokacin kuma ta dubi tsabar idon mutum ta ce babu, alhali ga bishiya tsaye. Ni ina gefe ina gyaran rediyon mutane, in ce mata, "Ke dai akwai rowa." Ta harare ni. Shekara talatin ban taɓa tambayar ta dalili ba.

Da aka watse daga zaman makoki, gidan ya yi tsit har ina jin ƙarar taunata in ina cin abinci. Kaɗaici ba ƙaramin abu ba ne, na sha shi na ƙoshi. Sai wata safiya matar mai wanki ta yi sallama da kwano a hannu, wai cikin mijinta ya murɗe. Na ɗauko gizago na sassaƙo mata. Ta zauna a bakin rijiya ta ba ni labarin mijin, da surukarta, da akuyar maƙwabta mai cin sabulu. Kusan awa guda ina dariya.

Tun daga ranar ban ce wa kowa babu ba. Ina ma dalili? Duk wanda ya zo sai ya ɗan zauna, ni kuma in ɗora shayi. Gwiwata ba ta son durƙuso, bayana ba ya son miƙa, don haka daidai ƙirjina nake sara, kusa da inda na sara jiya, ina matsawa gefe kaɗan-kaɗan. Laka kuwa na ɗauke ta camfin mata.

Wata bakwai ana haka, ganye ya fara zuba ba lokacinsa ba. Ran nan tsohuwar ungozoma, ƙawar marigayiya, ta shigo gaishe ni. Ko tabarma ba ta kalla ba, ta zagaya bishiyar da sandarta, ta ɗora yatsu biyu a kan ɗan ɓawon da ya rage.

"Malam, yanka shi kake yi?"

"Wane irin yanka? Taimako nake yi."

"Ta ɓawon nan yake rayuwa. Ka zagaye shi saura wannan. In ka cire, ya mutu a tsaye."

Na ce ai marigayiya ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Ka taɓa tambaya?" Ta nuna mini yadda ake kwaɓa lakar, ta tafi.

Washegari ga matar mai wanki da kwanonta. Na riga na ɗora ruwan shayi. Na tsaya da gizago a hannu, ina kallon ta ina kallon ɗan ɓawon, kuma wallahi saura ƙiris in sara.

"'Yata, yau babu," na ce.

Ta dubi bishiya, ta dube ni. "To, Baba, ba komai." Ba ta zauna ba.

Magana ta zaga unguwa, wai tsoho ya canza hali. Mutum uku suka ƙara zuwa, na mayar da su, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifinsu ba, masu ciwo ne, magani suka zo nema, ba ni ba.

Kullum da safe nakan shafa laka in zuba ruwa a gindin maɗacin. Jiya na ɗaga kai na ga toho a reshe ɗaya, ɗanye shar. Na fita ƙofar gida da laka a hannu, na tsaya ina jiran wani ya wuce in nuna masa. Har rana ta take ina tsaye, kowa ɗaga mini hannu yake yi daga nesa.