Fim ɗin Mama a Bakin Auta

Tun da idon Mama ya tafi, komai na gidan ya canja sai fim ɗinta na yamma. Fim ɗaya ne tak, a wani tsohon faifai da ya sha karce har yana tsalle a tsakiya, kuma cikin wani yare da babu mai jin ko kalma ɗaya a gidan. Labarin wani saurayi ne da ya bar uwarsa a bakin teku ya tafi aikin jirgin ruwa. Lokacin tana gani, Mama ta kalle shi har ta haddace. Yanzu sai dai a kunna mata, wani ya zauna a gefenta yana faɗa mata abin da ke faruwa.

Mai wannan aikin kuwa Yaya ce, babbar 'yarta, wadda ta kwaso keken ɗinkinta ta dawo gida don jinya. Ita ce wanka, ita ce yankan farce, ita ce ɗiga magani a idon da ba zai sake buɗewa ba. Duk wunin Allah Mama ba ta da magana da ita sai ta aike da ƙorafi: ruwan ya yi zafi, shayin ya yi sanyi, ƙarar keken nan za ta fasa mata kai. Amma da yamma ta yi, aka kunna fim, sai Mama ta lalubo hannun Yaya ta riƙe, ba za ta saki ba sai an gama. Wannan ɗan lokacin shi ne kaɗai Yaya take jin ita 'ya ce a gidan, ba 'yar aiki ba, kuma ba ta haɗa shi da komai.

Aikin ba wasa ba ne, don Mama ba ta yafe kuskure. Yaya ta ce saurayin ya ɗauki jakarsa da hannun dama, Mama za ta ce da hagu ne. Ta ce uwar ta rufe taga, Mama za ta ce labule kawai ta saki, "ke wai ni ce makauniyar ko ke?" Da haka Yaya ta gyara bakinta har ya zama ba ta ƙari ba ta ragi. A ƙarshen fim ɗin babu magana ko ɗaya, sai kiɗa da ƙarar ruwa. Jirgi ya dawo, uwar tana tsaye a gaɓa, mutane suna ta saukowa ana rungume-rungume, har gaɓar ta watse. Sai wani abokin aikinsa ya zo ya ajiye jakar yaron a gabanta. Yaya takan faɗi wannan daki-daki, Mama ta share ido da gefen mayafi, ta ce a kawo mata ruwa.

Babu wanda ya taɓa tambayar Mama abin da ya sa ta nace wa wannan fim, don kowa ya sani. Ɗanta namiji guda ɗaya, mai bi wa Yaya, ya tafi wata ƙasa neman aiki shekaru da yawa da suka wuce. Ya yi ta kiran waya da farko, daga baya shiru, har yau.

Ana nan sai Auta ta zo hutu. Ita a wani babban gari take aiki, a teburin karɓar baƙi na wani otal, ba ta leƙo gida sai jefi-jefi. Ta shigo da akwati mai taya da ƙamshin turare, ta faɗa jikin Mama tana shagwaɓa, mace da girmanta. Mama da ke cewa bayanta ba ya son a taɓa, sai ga ta tana shafa kan Auta tana cewa ta rame. Ramar me? Yaya ta dubi kumatun yarinyar ta koma kan kekenta.

Da yamma ta yi, Auta ta riga ta zama a kujerar gefen Mama.

"Yaya, ki huta yau, ni zan ba ta labarin. Ai kin gaji."

"Ba ki san fim ɗin ba."

"Ina da ido, ko? Abin da na gani zan faɗa."

Yaya ta ce to, har da ɗan murmushi. A ranta cewa take, bari ta sha gyara ta san aikin ba na kowa ba ne. Ta ɗauko wata riga da take wa kalmasa da hannu, ta zauna a bakin ƙofa inda za ta ji komai.

Wallahi ko minti biyar ba a yi ba Auta ta fara ɓarna. Ta ce gashin saurayin kamar an kifa masa kwano. Ta ce maƙwabciyar da ke leƙe ta katanga da gani 'yar gulma ce, har ta ƙirƙiro mata magana, tana kwaikwayon muryarta ta hanci. Ta ce uwar ta rufe taga. Yaya ta ɗaga kai tana jiran tsawa. Mama dariya take yi, irin dariyar da Yaya ta manta tana da ita, har da tari. Hannunta kuma yana cikin na Auta.

Kishi ne ya kama Yaya, babu wani suna da za a ba shi. Ta soki yatsanta da allura, ta tsotse jinin, ta ci gaba da sauraro. Ta ce a ranta, bari dai a zo ƙarshe, a nan ne wasa zai ƙare.

Jirgi ya dawo, kiɗa ya tashi. Auta ta dubi matar da ke tsaye a gaɓa, mutane suna raguwa a kusa da ita. Sai ta rage murya.

"Mama, ga shi can. Shi ne na ƙarshen saukowa. Ya yi baƙi, ya tara gemu, shi ya sa ba ta gane shi ba. Yana tafiya yana ɗan ɗingishi. Ya zo bayanta ya tsaya. Ya ajiye jakarsa a gabanta."

"Ta juyo?" in ji Mama.

"Ta juyo. Ta kama kunnensa tana ja, wai don me bai yi aike ba."

A allon talabijin kuwa matar tana durƙushe ita kaɗai a kan jaka. Yaya ta buɗe baki, ta dubi fuskar Mama, ta rufe. Mama ba ta nemi ruwa ba ranar. Abincin da aka saba lallashinta a kai ma ta cinye, ta ce a ƙara.

Washegari aka maimaita, jibi ma haka. Kullum Auta da sabon salo: yau yaron ya sauko da mata da jariri, gobe ya zo da rediyo a kafaɗa tsaraba. Mama tun rana take tambaya ko lokaci ya yi. Yaya kuwa ta koma mai kawo shayi da kwashe kofuna. Ta fara ganin laifin Auta a komai, yadda take barin tawul a ƙasa, yadda take taunar cingam. Ta tare ta a kicin ta ce ƙaryar nan ba kyau, tsohuwa ce fa. Auta ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Fim ne fa, Yaya. Duk ɗinsa ma ai ƙarya ne."

Ana gobe Auta za ta koma abin ya fashe. An zo wurin jirgi, Auta ta fara sauko da yaron, Mama ta gyara zama tana murmushi tun kafin a kai. Yaya tana tsaye da faranti a hannu. Ba ta shirya ba, maganar ce kawai ta fito.

"Bai sauko ba. Babu shi a jirgin nan, Mama, jakarsa ce kawai, kuma kin fi kowa sani. Ni in ce taga ki ce labule, in ce dama ki ce hagu, shekara da shekaru. Wannan ta zo kwana kaɗan ta tayar miki da matacce, ko tari ba ki yi ba. Ni me na yi miki?"

Auta ta ce, "Haba Yaya," ta kai hannu ta rage ƙarar talabijin.

Murmushin ya bar fuskar Mama a hankali. Ta zare hannunta daga na Auta ta ɗora a cinya.

"Na sani, 'yar nan. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Ke kina ba ni abin da na sani, kuma kin iya, ban taɓa cewa ba ki iya ba." Ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin Yaya. "Yadda abin yake in yaro ya dawo ne ban sani ba. Shi nake ɗan ji."

Faifan ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Yaya ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada a ji ta, ta wanke farantin da ba a ci komai a ciki ba.

Auta ta tafi da safe. A bakin ƙofa ta rungume Yaya ta ce ta yafe mata in ta yi laifi, abin da ya ƙara ƙona ran Yaya ke nan, don ta so a ce faɗa suka yi. Gidan ya koma yadda yake, ruwan wanka ya yi zafi, shayi ya yi sanyi.

Da yamma Yaya ta goge faifan da gefen zaninta ta saka, ta zauna a kujerarta. Mama ba ta hana ba. Yaya ta bi fim ɗin yadda ta saba, tana jiran hannun, hannun bai zo ba. Ta yi kuskure da gangan, ta ce jakar a dama take, ba a gyara mata ba. Duk wunin ranar tana kan keke tana shirya abin da za ta faɗa, har ta zaɓar wa yaron riga. Da jirgi ya iso sai ta fara.

"Ga shi can, Mama. Ya sauko. Yana sanye da farar riga, yana... yana ɗaga mata hannu."

Ita kanta ta ji yadda muryarta ta fito, a bushe, kamar mai karanta takardar magani. Ta ƙara da cewa yana gudu, yana dariya, uwar ta gan shi. Mama ta juya fuskarta wajen taga.

"Bari, 'yar nan," ta ce a hankali, babu faɗa a ciki. "Kada ki wahalar da kanki. Cire shi ki adana, sai Auta ta zo."

Yaya ta tashi ta cire faifan, ta mayar da shi cikin kwalinsa. Ta tsaya riƙe da shi a tsakiyar falo, ba ta san inda za ta ajiye ba. Mama ta tambaya ko lokacin maganin ido ya yi, ta ce ya yi.