Takardar Shaida ta Huɗu

Karo na huɗu ke nan likitar da ake kira 'Yar Shiru take neman gurbin ƙwarewa a aikin ido. Fom ɗin ta haddace shi tsaf. Takardar shaida daga Farfesa, shugaban sashensu, kawai ta rage, kuma ƙarfe huɗu za a rufe karɓa.

Farfesa ba ya rubuta wa kowa shaida. Kai za ka rubuto abinka da sunansa, ya sa hannu, sakatariyarsa Anti ta buga hatimi. Yau ya daɗe a zagayen marasa lafiya, zaman jira ya sa Anti ta ja takardar da 'Yar Shiru ta rubuto ta karanta.

"'Tana zuwa aiki a kan lokaci. Ba ta da rigima. Tana ƙoƙari daidai gwargwado.'" Ta sauke tabarau. "Dakta, likita kike tallatawa ko tsohon firiji?"

"Anti, da sunan Farfesa ne fa. Kar in sa masa ƙarya a baki."

"Bara ma haka kika rubuta?"

"Bara babu 'tana ƙoƙari'. Bana na ƙara."

Anti ta dafe kai. "Dogon likitan nan da ya suma ranarsa ta farko a ɗakin tiyata, a takardarsa cewa ya yi hannunsa ba ya rawa. Yanzu shekararsa uku a can. Zauna. Wa ya gano ciwon idon jaririyar nan da kowa ya ce kwantsa ce?"

"Ni ce, amma..."

"Ban tambayi amma ba. Rubuta."

Haka ta riƙa tatsar ta har shafi biyu suka cika. 'Yar Shiru tana bugawa tana gumi kamar wadda aka kama da kayan sata.

Huɗu saura kwata Farfesa ya shigo. Tsawon takardar ya ba shi mamaki har ya karanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Wannan wace ce? A sashena take?"

"Ga ta gabanka, ranka ya daɗe," in ji Anti. "Shekara uku."

"To in haka take, don me zan bari ta tafi?" Ya ajiye biro.

 'Yar Shiru ta kalli agogo, ta kalli Anti. Anti ta kalli silin. Sai 'Yar Shiru ta ɗauki biron da hannu biyu ta miƙa masa, kanta a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ai ka riga ka rubuta. Sa hannu ne ya rage."

Farfesa ya leƙo ta saman tabarau, ya daɗe yana kallon ta.

"Lallai na iya rubutu," ya ce, ya sa hannu.