Bututun da Orval Yake Dafawa

Sanyin Montana busasshe ne. Daga Disamba, in ka ja ƙafa a kan darduma ka taɓa mariƙin ƙofa, sai tartsatsi ya harbe ka a yatsa. Yara sun mayar da shi abin wasa. A gidanmu kuwa ba wasa ba ne, don a ɗakin ƙasa mijina Orval yake ɗura harsasansa na farautar barewa, ga gwangwanayen albarushi jere a kan kanta.

Shekara arba'in da shida ƙa'idarsa ɗaya ce. Kafin ya zauna sai ya tuɓe rigar ulu ya rataye a ƙusa, ya dafa bututun ruwa da ke gindin matakala, wutar jikinsa ta bi ƙarfe ta wuce. Wurin da yake dafawa har sheƙi yake yi. Mazurarinsa kuma da sabulun wanke-wankena yake wanke shi, wai don kada ƙwayoyin albarushi su manne. Na yi mitar sabulun nan har na gaji.

Ni ce sanadin bututun. Sanyinmu na farko da aure na sauko masa da shayi, ya miƙo hannu, tartsatsi ya tashi tsakanin yatsunmu, kofin ya tarwatse a ƙasa.

"Ke 'yar Halvorsen, ashe wuta gare ki," ya ce yana dariya, yana tsokanata da sunan mahaifina. Sai idonsa ya kai kan gwangwanin da ke buɗe, dariyar ta ɗauke. Tun ranar bai ƙara zama bai dafa ƙarfe ba.

Bara ciwon mantuwa ya kama shi. 'Yarmu Marlys ta zo ta tsare ni a kicin.

"Mama, mutumin da ya sa takalminsa a firiji za ki bari da albarushi?"

"Kansa ne ya mance, hannunsa bai mance ba. Kuma ina zaune kusa da shi, ni nake duba awon."

"Ki kulle ɗakin nan."

"Ranar da ya wuce bututun nan bai dafa ba, da hannuna zan kulle."

Na faɗa ne da fushi, don ɗakin nan kaɗai ya rage inda Orval yake Orval. A sama ko sunana sai ya yi ta lalube.

Wata safiya a Janairu, ƙanƙara ta rufe taga, na riga shi sauka da shayi. Ya biyo ni yana jan silifas, rigar ulu a jikinsa. Ya wuce ƙusa. Ya wuce bututu ko kallo bai yi masa ba. Na yi sauri na tare shi kafin ya kai teburi, na miƙa masa kofin. Tartsatsi ya harbe mu, har na ji ƙararsa.

Ya tsaya yana kallona, fuskarsa ta washe.

"Ke 'yar Halvorsen," ya ce, "ashe wuta gare ki."

Rabon da ya san ko ni 'yar waye ce, wata bakwai ke nan. Na yi dariya, hawaye na zuba.

"Zo mu hau sama, tsoho, shayin zai huce."

Na riƙe hannunsa muka hau, na zaunar da shi kusa da murhu. Sannan na koma na murɗa makulli, na jefa shi a aljihu.